Famfon mai a tsohuwar akori-kura: alamomin da yake nunawa kafin ya ajiye ka a hanya

Jama'a salamu alaikum, ya zafi? Mu dai nan Garwa a arewacin Kamaru tunda Maris ya kama sai haƙuri, rana tana haura digiri 40 abinta, kuma a irin wannan lokacin ne duk wata tsohuwar mota take tona asirin kanta. Ka bi hanyar Ngaundere ko ta Marwa da azahar zakaga akori-kura a gefen titi an ɗage bonet, an karyo ganye an zuba a kwalta, yaron mota yana ƙarƙashi direba yana tsugune a inuwar bodi, in ka tsaya kace sannunku me ya samu motar amsar guda ɗaya ce, famfo ne. Kowa famfo. Wani lokacin gaskiya shi ɗin ne, wani lokacin kuma wallahi ƙazafi kawai aka yi masa.

Ni ba bakanike bane, da tsohuwar Hilux nake neman abinci, masara ne, gyaɗa ce, albasa ce, ran Lahadi kasuwar Pitowa wata rana Ngong wata rana har Gidar, amma wanda ya daɗe da tsohuwar mota ko baya so sai ya zama rabin bakanike don zaman bencin garaji ma karatu ne. Abin da na lura dashi shine famfon mai da wuya ya mutu rana ɗaya, yana daɗewa yana bada alama, sai dai baya bada ita a inda muke nema. Mu mun saba mu kai mota garaji a tada ta a barta a silo, wato tana aiki a tsaye ba a taka totur ba, a ɗan taka totur vuum vuum, bakanike yace ai lafiyarta ƙalau Malam. To a silo ɗan mai kaɗan injin yake sha, ko famfon da ya kusa mutuwa zai iya bashi wannan. Tsohon dake zaune a inuwa baka sanin ƙarfinsa ya ƙare sai ka ɗora masa buhu, haka famfo yake, sai an haɗa masa lodi da hawa da zafin rana sannan gaskiyarsa take fitowa.

Kafin komai sai ka san wane iri ne a motarka don ba duka ɗaya bane, nan ma ake yawan gardama a majalisa, wannan yana bada labarin motarsa mai kafireta wancan yana bada na tasa mai gazuwal wato dizal, kowa na rantsuwa, alhali dukansu gaskiya suke faɗa. Tsofaffin masu fetur da kafireta, irin Hilux mai injin 22R ko Peugeot 504 mai tanti da har yanzu ake gani a hanyoyin ƙauye, famfonsu a jikin injin yake a ɗaure, injin ne ke motsa masa hannu, a cikinsa akwai wata fatar roba da take sama da ƙasa tana zuƙo mai daga tanki. Ƙarfin turinsa kaɗan ne, wajen bar 0.2 zuwa 0.3, bar ɗin shine ma'aunin matsi. Masu fetur da injekta kuma irin 22R-E da 3RZ mai lita 2.7, nasu na lantarki ne yana can cikin tanki a nutse cikin mai, shi kuma yana turi kusan bar 3. Sai masu gazuwal, 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0 da kuma 1HZ na Land Cruiser mai silinda shida, waɗannan babu famfon lantarki a tankinsu, babban famfon injekta dake gefen injin shi ke zuƙo man da kansa ta cikin filta kuma shi ke rabawa nozul. Cuta daban, magani daban, kuɗi ma daban.

Alama ta farko kuma wadda ni na fi yarda da ita itace mutuwar ƙarfi a hawa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya daga Garwa zuwa Ngaundere ya san abin da nake nufi, tafiyar kusan kilomita 280 ce, yawancinta ba wani hawa mai tsanani sai ka wuce Mbe ka tunkari falez, wato babban hawan dutsen nan, nan ne zaka haye tudun da ya kai mita 1,100. Mota mai lafiya zata rage gudu ka sauko giya ta ci gaba da gurnani a hankali har sama. Mai ciwon famfo ba haka take ba. Zaka taka totur ta karɓa na ɗan lokaci sai kaji ta saki, sai ta fizga, ta sake saki, in ka ƙara takawa abin ƙara lalacewa yake, in ka ɗaga ƙafa kaɗan sai kaji ta ɗan dawo hayyacinta. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau, motar da take samun sauƙi idan ka sassauta totur yunwar mai take ji. Ka kuma leƙa madubi, in babu baƙin hayaƙi a baya to ƙarancin mai ne, in kuwa hayaƙi baƙi ne ke tuɗaɗa to mai yana zuwa iska ce bata isa, je ka duba filtar iska, bayan hunturu da ƙurar nan tamu zaka sameta ta toshe tam. A masu kafireta har tari zakaji tana yi ta baki, fat fat, in ka cire fulogi kuma zakaga bakinsa yayi fari fat maimakon ruwan ƙasa.

Haka in kana kan miƙaƙƙiyar hanya irin tsakanin Figil da Marwa ka kai wani gudu sai ta riƙa sheshsheƙa ta ƙi wucewa, ka rage ta daidaita, duk labarin ɗaya ne.

Ta biyu itace mutuwa cikin zafi. Ka fito da asuba lafiya lau, rana ta take kana tsakiyar tafiya sai ta fara cijewa ta mutu, kayi kik kayi kik injin na juyawa amma taƙi kamawa. Ku zauna ku sha ruwa kuyi sallah, bayan wani lokaci ka murɗa makulli ta tashi ras. Mutane sai suce motar tana da aljanu, babu wani aljani, famfon lantarki da gawayin cikinsa mai kai masa wuta ya cinye in ya ɗau zafi sai ya ƙi juyawa ko ya juya ba ƙarfi, in ya huce ya dawo. A masu kafireta kuma fetur ɗin ne yake tafasa a cikin tiyo da cikin famfon saboda zafin injin ya zama tururi, shi kuma famfon baya iya tura tururi, shi yasa zakaga tsofaffin direbobi suna jiƙa tsumma su naɗe famfon dashi, dabarar tana aiki kuma.

Amma fa a nan ake yawan yiwa famfo ƙazafin da na faɗa, don kwayil mai ba fulogi wuta ma in ta tsufa haka take yi, ta ɗau zafi ta ɗauke wuta ta huce ta dawo. Bambancin yana wajen yadda motar ta mutu. Matsalar wuta farat ɗaya take kashe mota, ɗif, ba gargaɗi, in motarka tana da allurar juyin injin zakaga ta faɗi ƙasa nan take. Matsalar mai kuwa sai tayi jan rai, ta fizga ta saki ta fizga sannan ta mutu. In kana shakka ka cire murfin filtar iska ka ɗiga fetur kaɗan, kaɗan nace, a bakin kafireta, ka matsa gefe a yi kik. Ta kama na daƙiƙa biyu uku ta mutu, wuta lafiya mai ne baya zuwa. Bata ko motsa ba, bar famfo ya huta ka koma kan wuta. Dan Allah kar a leƙa da fuska a bakin kafireta lokacin kik ɗin, kuma jarkar a ajiye ta nesa, wuta na iya dawowa ta baki.

Sai wahalar tashi da safe ko bayan ta ɗan jima a ajiye. Motar da ka sani da kik ɗaya ta koma sai anyi ta jan batir kafin ta kama, in ta kama kuma shikenan yini guda ba matsala. A cikin famfon lantarki akwai ɗan bawul da aikinsa shine ya hana mai komawa tanki in an kashe injin, in ya gaji sai man ya sulale baya, kowace safiya sai famfon ya sake cika layi tun daga farko. Wannan bata ajiye mutum a hanya yau ko gobe amma tana cin batir da kik, kuma tana gaya maka famfon ya fara tsufa.

Ƙara ma alama ce. Famfo mai lafiya ɗan zzzz yake a hankali sai ka kasa kunne kusa da tanki. In ya koma wiiii mai ƙarfi har kana ji daga cikin mota, musamman da rana ko in mai yayi ƙasa, to ko ragar bakinsa ta toshe yana wahalar zuƙa ko shi kansa ya cinye.

Ga wani abu da yake sa a sayi famfo a banza. An saba cewa in ka buɗe makulli baka ji famfo yayi ƙara na daƙiƙa biyu ba to ya mutu. A motoci da yawa haka ne, amma tsofaffin Toyota masu injekta irin 22R-E basa tada famfo da buɗe makulli kawai, sai injin ya fara juyawa. Yaro sabon shiga zai buɗe makulli ya kasa kunne yaji shiru yace maigida famfo ya tafi. Hanyar gwada shi a waɗannan motocin, akwai ƙaramin akwatin gwaji a gidan injin, in ka buɗe murfinsa zakaga an rubuta sunayen ramukan a ciki, ka samu guntuwar waya ka haɗa ramin FP da na +B sannan ka buɗe makulli. Famfo mai rai zai tashi kaji shi. In ya tashi ta nan amma baya tashi da kik, to rile ne, ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta, ko wayarin, aikin mai wayarin ne ba na mai sayar da famfo ba. In ma bai tashi ba kar kayi saurin yanke masa hukunci, a duba fiyus, a sa mita a soket ɗin saman tanki a ga ko wuta volt 12 tana isowa, a kankare wayar da aka ɗaure a jikin bodi, don wannan soket ɗin yana shan ruwan damina da laka da gargada shekara da shekaru, sau da yawa zaka sameshi yayi kore ko ya ƙone. Dabarar bugun ƙasan tanki da katako ana kik kuma, in ta tada motar to ta tabbatar maka famfon ne, amma bashi ka ci, zata kai ka gari ne kawai ba zata kai ka wata mai zuwa ba.

Masu famfon jikin injin akwai wata alama tasu da take da haɗari don ba a hanya take nunawa ba. Ranar nan ina zaune a garajin da nake kai mota aka turo wata tsohuwa mai kafireta, mai ita yana ta murna wai motarsa bata cin baƙin mai ko kaɗan, har ƙaruwa ma yake gani. Dattijon bakaniken namu bai ce komai ba ya zaro sandar awo, man ya wuce layin sama, ya shafa a yatsa biyu ya murza yaga ya tsinke ba danƙo, ya kai hanci ya shinshina sannan ya miƙa masa yace "Alhaji shinshina da kanka." Alhaji yace "Baba ai warin fetur ne wannan." Yace "To fatar famfonka ta yage, fetur ɗin da kake saya rabi injin ke ƙonawa saura yana gangarawa cikin baƙin mai, ka ci gaba da hawa a haka metal ɗin cikin injin zaka kashe." A ranar aka canza famfo aka zubar da man aka sa sabo da filtarsa. A jikin irin wannan famfon akwai ɗan rami a ƙasa, in kaga yana jiƙewa ko kana jin warin fetur a gidan injin bayan ka tsaya, kar ka jira gobe, kusa da injin mai zafi yake.

To yanzu masu gazuwal, don a gaskiya mune mukafi yawa daga nan har Kusiri, in ka haye gadar Ngeli ka shiga Njamena ma sai abin ya ƙaru. Mutanen Cadi ai sun daɗe da sanin darajar waɗannan motoci, da su suka yaƙi sojojin Libiya a 1987 har duniya ta sa wa yaƙin sunan Toyota. A motar gazuwal kalmar famfo tana tsorata mutum don babban famfon injekta gyaransa ba wasa bane, sai an cire shi an kai wa masu injin gwaji. Shi yasa nake cewa kar ka yarda a taɓa shi sai an gama da ƙananan abubuwa, kuma mafi yawan lokuta a ƙananan ake samun ɓarawon.

Babban abokin gabar gazuwal iska ce. Tunda zuƙo man ake daga tanki ba turo shi ba, ko ɗan tsagewa ne a tiyo ko kilif ya saki, mai ba zai zubo waje ka gani ba, iska ce zata shiga ciki. Alamarta mota taƙi tashi da safe, ko ta tashi ta yi ƴan daƙiƙu ta mutu, ko tayi ta rawa da farin hayaƙi kafin ta daidaita. A saman filtar gazuwal akwai ɗan famfon hannu da ake dannawa, ka danna shi da safe kafin kik, in kaji shi laushi sai ka daɗe kana dannawa kafin yayi tauri sannan motar ta tashi, to man yana komawa baya cikin dare, kuma sau da yawa robar wannan ɗan famfon hannun ce da kanta ta tsufa take shan iska. Kan filta kawai za a canza. Wata dabara, ka kwana da motar hancinta na kallon gangara, in da safe ta tashi ba gardama to labarin kenan. Bakanike mai hankali zai sa farar tiyo da ake ganin ciki tsakanin filta da babban famfo ya tada injin, in akwai kumfa zaka ganta tana wucewa da idonka. Ko ya ɗauko jarka mai tsabtataccen gazuwal ya haɗa kai tsaye da famfon, in motar ta warke to ciwon yana baya, tanki ko layi ko filta.

Ruwa kuma akwai fitilarsa a dashbod, wasu motocin har da ƙara. In ta kama ba ado bane, ruwa ne ya taru a gindin filta, ka kwance ɗan murfin ƙasa ka danna famfon hannu har ruwan ya fita gazuwal ya biyo. Akwai masu cire soket ɗin don ƙarar ta dame su, Allah ya shirya. Sannan akwai waya guda ɗaya da take zuwa kan babban famfon, ita ke buɗe hanyar mai in ka murɗa makulli har kaji ɗan ƙas, in ta saki saboda gargada mota zata mutu ɗif ko taƙi tashi sam, gyaran minti biyu.

Shi babban famfon in da gaske shine ya gaji alamarsa mafi bayyana itace da sanyin safiya ta tashi lafiya amma in tayi zafi ka kashe, sai taƙi tashi har sai ta huce, don ƙarfen ciki ya cinye in ya ɗau zafi sai ya ƙara saki ya kasa matsa mai a lokacin kik. Wasu suna zuba ruwa a kan famfon su gani, in ta tashi nan take to shine. Ana yi, amma ba da ruwan ƙanƙara ba kuma kar ya zama al'ada, ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi ba abokan juna bane. Sai yoyo, in kaga famfon kullum a jiƙe ƙura ta manne masa. A 3L da 5L bel ɗin taimin ne ke juya shi, in robar gabansa ta saki gazuwal zai jiƙa bel ɗin, bel ɗin da ya sha gazuwal kuma baya daɗewa, in ya tsinke kana tafiya sai dai a yi maganar buɗe injin.

Waɗanda suka fito daga 2005 masu injin D-4D su ma yanzu sun shiga sahun tsofaffi. Nasu kwamfuta ke tafiyar dashi, matsin man ya haura bar 1,000, don haka kar wanda ya kwance bututun nozul injin na aiki yasa hannu yana laluben yoyo, yana huda fata. Akwai ɗan bawul a bayan famfonsu da ake cewa SCV, in ya fara maƙalewa mota sai ta riƙa mutuwa a silo ko ta rasa ƙarfi fitilar injin ta kama, ana canza shi shi kaɗai. A sa mata na'urar gwaji tukunna kafin a kwance komai.

Me ke kashe famfon tun farko? Mu ne da man da muke zubawa. Kowa ya san zuwa-zuwa, man da ake shigowa dashi daga Najeriya ta bayan fage, kwalabe da jarkoki a bakin titi daga Garwa har Mora, shekara da shekaru da shi arewacin Kamaru ke tafiya don gidan mai ba ko'ina yake ba. Tunda shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu 2023 arahar tasa ma ta ragu, a gidan mai nan Kamaru kuma a Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840 gazuwal 828, shi kuwa kananzir aka barshi a 350. Kai ma ka duba wannan tazarar zaka gane dalilin da yasa marar tsoron Allah zai haɗa kananzir da gazuwal ya sayar. Babban famfo kuwa ba baƙin mai ke shafa cikinsa ba, santsin gazuwal ɗin da kansa ne, kananzir bashi da wannan santsin, motar zata tafi baka ji komai ba amma ciki yana cinyewa a hankali. Ban ce duk mai sayar da man kwalba macuci bane, akwai waɗanda na daɗe ina saye a wajensu, amma ko mutumin kirki ne jarkar da ta sha hanyar daji a bayan babur, aka juye a duro, aka juye a kwalba cikin ƙura, ba zata rasa yashi da ruwa ba. Ka tsaya a kansa ya tace da ƙyalle mai kyau a mazurari, ka ɗaga kwalbar ka kalli gindinta a rana, kuma ƙarshen jarka ka bar masa abinsa.

Ɗaya halin namu shine yawo da tanki a bushe, a sa na jaka biyu, sefa dubu biyu kenan, a je a dawo a ƙara na jaka biyu, allura kullum tana kwance a ja. Na san halin da ake ciki ba sai an faɗa min ba, amma famfon lantarki man dake ratsa shi ne ke sanyaya shi, in man kaɗan ne sai yayi ta zagayawa injin yana dawowa da zafi, a kwana ko a hawa kuma man ya gudu gefe famfon ya zuƙi iska. Kuɗin man ai ɗaya ne ko ka riƙe tankin a kwata ko ka riƙe shi a ƙasa, cikawar farko ce kawai mai nauyi. Tankin da yake wofi kuma yana yin gumi ta ciki lokacin damina, gumin nan shi ke zama tsatsa.

Na taɓa tsayawa aka sauke tankin wata motar maƙocinmu da aka canza mata famfo bai daɗe ba ya sake mutuwa, mai motar yana ta zagin wanda ya sayar masa wai jabu ne. Da aka juye ragowar man a roba sai ga jan ruwa a ƙasa, yaron garaji ya zura hannu ta ramin famfon ya kwaso laka mai yashi cike da tafinsa, ragar bakin famfon da ya kamata ta zama fara ta koma baƙa ta manne, har da guntun leda da wani ya taɓa toshe bakin tanki da ita. Kowane irin famfo ka jefa cikin wannan ba zai kai labari ba, ko daga Japan aka sauko dashi jiya.

Maganar murfin tanki ma kar a manta, in hanyar iskarsa ta toshe mota zata yi tafiya mai ɗan nisa ta fara yunwar mai, ka buɗe murfin kaji ya ja iska fuuu da ƙarfi, ka rufe ta tashi lafiya. Wasu kuma suna cewa yawan shan mai alamar famfo ne, ni ban cika ɗora wannan a kansa ba, abubuwa da yawa ne ke kawo shi tun daga taya mara iska.

In za a bi abin a hankali filta ake fara canzawa don ita tafi araha kuma duk alamomin hawa da na lissafa toshewar filta ma tana kawo su sak. Daga nan tiyo da wuta. Sannan a sa agogon awon matsi a layin mai, garajin da bashi da wannan agogon cinta kawai yake. A Toyota mai injekta, in an haɗa FP da +B famfo na aiki injin bai tashi ba, ya kamata ka gani tsakanin bar 2.7 da 3, in an kashe injin kuma ya riƙe wajen 1.5 na minti biyar, in ya zube nan da nan akwai inda yake sulalewa. Kuma a taka totur sosai ana kallon allurar, in tana faɗuwa lokacin da injin ke neman mai to an kama shi.

Wajen saye ka tafi da tsohon a hannu a gwada tsayi da soket da bakin tiyo. Kar ka yarda a sa wa mota mai kafireta famfon lantarki na mota mai injekta wai ai yafi ƙarfi, zai cika kafireta ya malalo fetur a kan injin, in za a mayar da ita na lantarki akwai ƙarami mai ƙaramin matsi da aka yi don haka. Tsakanin sabo mai araha da ba a san asalinsa ba da na hannu orijinal irin Denso da aka ciro daga motar da ta yi haɗari, ni na fi karkata ga na hannun in dai an haɗa shi da batir a gabana ya tura, a cikin gazuwal ko kananzir ake wannan gwajin ba a fetur ba saboda tartsatsi, kuma ba a barinsa yana juyawa a bushe. A wanke tanki a shanya, a sa sabuwar raga da sabuwar filta rana ɗaya da famfon, a cire kan batir kafin a fara, mai shan taba ya koma can bakin titi. Cikon kuɗin aiki kuma ka ce wa bakaniken sai an ɗora kaya an fita da ita da rana an hau tudu, in mutumin kirki ne ba zai ji haushi ba. Tsohon famfon ka karɓi abinka kar ka bar wa yara, in raga ce kawai ta toshe masa a wanke a naɗe a leda a jefa bayan kujera tare da filta guda da guntuwar tiyo da kilif biyu, hanyar Mora zuwa Kusiri ba inda zaka samu na saye in dare yayi.